Ƙungiyar kamun kifi ta yaran unguwa a Agege: jirgi za mu saya ko tanki?

Abu Safwan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ruwa da daji a nan Legas. Muna da yara maza 22, 'yan shekara 11 zuwa 16, muna so mu haɗa su a ƙungiya kafin dogon hutu na ƙarshen Yuli, su koyi su da kula da muhalli, ya fi zaman bakin titi. Iyaye da 'yan kasuwa sun tara naira 450,000. Kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a sayi jirgin katako na hannu a ajiye a Ikorodu, a riƙa kai yara duk Asabar. Wasu sun ce a kafa tanki biyu na tarwaɗa a bayan Islamiyya. Akwai kuma dattawa biyu, tsofaffin mafarauta, da suka dage sai an sa farauta a ciki. Yara uku ne kawai suka iya iyo. Ranar Asabar za mu yanke magana.

Ɗan Yawuri: Wa alaikumus salam. Malam, ba a fara koya wa yaro su da jirgi ko da tanki, da fatsa ake farawa a bakin gaɓa. Sandar gora mai tsawon mita 2 zuwa 3, zare mai kaurin milimita 0.25 ko 0.30, ƙugiya lamba 8 ko 10 idan karfasa ake nema. A ƙugiya, lamba na hawa girma na raguwa, kada a ba ku lamba 2 ku ce ƙarama ce. Dalma 'yar ƙwaya ɗaya, tazarar tafin hannu sama da ƙugiya, sai guntun tsohon silifas a matsayin alama. Karfasa tana son tana da ƙullin burodi, tarwaɗa tana son hanjin kaza, kuma a ƙasa take ci, don haka a sauke mata ƙugiyar ƙasa. Kafin a miƙa wa yaro ƙugiya a sa filaya a danne ƙayar nan ta baya. Kifi ɗaya ko biyu za su kuɓuce, amma ranar da ta shiga yatsa ko kunne za ta fito ba sai an tsaga ba. A bar taku biyar tsakanin yaro da yaro.

Kanawan Dabo: Ku kai su Argungu kawai su ga yadda ake su na gaske da homa da gora.

Baban Khalifa Mile 12: Da 450,000 ɗin? Kuɗin mota ma sai dai ya kai su Ilori su dawo da ƙafa.

Maman Iman: Abu Safwan, ka faɗi abu mafi muhimmanci a ƙarshe kuma kowa ya tsallake shi: yara 19 ba su iya iyo ba, kuma tsakiyar damina kuke magana. Ko a bakin gaɓa ne, kowane yaro da rigar ruwa daidai nauyinsa. Ta manya ba ta yi wa ɗan shekara 11, idan ya faɗa ruwa rigar ce za ta yi sama ta bar shi a ƙasa. Gwajinta: a ɗaure duka maɗauran, a kama kafaɗun rigar a ja sama, in ta wuce kunnensa ta yi masa yawa. A nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin cinya. Babba ɗaya ga yara biyar, kuma babban da ke tsaro ba ya riƙe fatsa ba ya duba waya. A ajiye jarka mai lita 10 babu komai ciki, murfinta a ɗaure, da igiya mita 15. Yaro ya faɗa, a miƙa masa gora ko a jefa jarka, kada wani ya bi shi, nan ne gawa ɗaya ke zama biyu. Lambar gaggawa ta jihar 112 ko 767. Riga mai kyau ta yara kusan 18,000 ce.

Baban Khalifa Mile 12: Hajiya a ina? 7,500 ake sayar da ita.

Maman Iman: Wannan soso ne aka ɗinke a yadin lemo, Alhaji. Sa ta a baho da dutse mai kilo 5 ka bar ta ta kwana, ka zo ka ba mu labari.

Mai Tanki Ikorodu: Ni tanki zan ce, amma ku yi lissafi da idonku a buɗe. Tankin roba mai keji na lita 1,000, a yanke samansa, a tabbatar ba sinadari aka zuba a ciki ba tun farko. Kowane ɗaya ya ɗauki tarwaɗa 70 zuwa 80, kada a wuce. A sayi 'ya'yan da suka kai tsawon yatsa, ba ƙanana ƙwarai ba, su ne ke mutuwa a hannun sabon shiga. Abinci a fara da milimita 2, a koma 3, 4, har 6, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti 10. Ragowar abinci ce ke ruɓar da ruwa. Duk sati biyu a wata biyun farko a tace su, a ware manya daga ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta: ka zuba 80 ka kwashe 45 ka ce aljanu ne. A sauya rabin ruwa kullum da safe kafin abinci, ruwan burtsatse, in na famfo ne a bar shi ya kwana. A rufe da raga saboda suna tsalle. Wata huɗu zuwa shida su kai kilo ɗaya. Kifi 150 za su ci buhu 11 ko 12 mai kilo 15. A kan 28,000 buhu, kun ga 308,000 ta tafi tun ba a sayi tanki ba.

Sani Alaba Rago: Buhu 28,000? Wane zamani? Mai yawo a saman ruwa ya haura 36,000.

Mai Tanki Ikorodu: Na waje kake magana. Na gida ma yana yawo.

Kawu Idi-Araba: Ku bar maganar buhu. Abin da ke kashe irin wannan ƙungiya ba ruwa ba ne, jirgi ne da aljihun mutum ɗaya. An yi irinta a unguwarmu a kan idona. Aka tara kuɗin marayu da na masu shayi, aka sayi jirgin katako na hannu ba tare da an kifa shi an duba cikinsa ba. Ƙasan duk kwalta ce aka shafe ruɓaɓɓen katako da ita. Aka ɗora masa tsohon inji. Aka ajiye a bakin ruwa wurin mutanen da ba a rubuta komai da su ba. Wata na farko kuɗin ajiya, na biyu kuɗin gadi, na uku aka ce injin ya yi ƙafa. Jirgin katako kuma in bai aiki kullum ba a kwashe masa ruwa, ruwan sama kaɗai ya isa ya nutsar da shi, haka aka same shi a laka. Da aka ce ma'aji ya kawo lissafi, sai ga shi kuɗin duk a asusunsa na kansa suke, babu rasit ko ɗaya, wai ai an yarda da juna. Ana cikin haka ƙugiya ta shige wa wani yaro a fatar ido, uban bai ma san an fita da ɗansa ba, ya zo da 'yan sanda har ƙofar masallaci. Malamin da ya yi ta wahala da yaran kyauta shi ya kwana a caji ofis, ma'ajin yana gida yana shan fura. Har yau gidaje biyu ba sa gaisawa, an fasa aure a kan wannan magana. Wallahi duk wanda ya ce muku ku sayi jirgi, ku tambaye shi a ina zai kwana, wa zai kwashe ruwansa, wa zai biya in ya ɓace.

Sani Alaba Rago: Innalillahi. Kawu, ma'ajin ya biya kuwa?

Kawu Idi-Araba: Ya biya me? Umara ya tafi a shekarar.

Baban Khalifa Mile 12: Ashe jirgin sama ƙungiyar ta saya ba ta sani ba.

Kawu Idi-Araba: Ba abin dariya ba ne, ɗana. Kuɗin marayu ne.

Barista Obalende: Abin da Kawu ya faɗa magani gare shi, takarda. Ƙungiya irin wannan ana yi mata rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar tsarin ƙungiya a rubuce, bayanin taron da aka zaɓi amintattun, shaidar kowannensu, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Da takardar ne banki zai buɗe asusu da sunan ƙungiya, a sa mutum biyu cikin uku su sa hannu kafin kobo ya fita. Ku ware kusan 200,000 har da jarida da lauya. Kuma kowane uba ya sa hannu a takardar amincewa: sunan yaro, inda za a je, lokacin dawowa, ciwon da yake da shi kamar asma ko farfaɗiya. Mai farfaɗiya ba ya zuwa bakin ruwa sai da babba nasa shi kaɗai.

Sani Alaba Rago: Barista 90,000 ake yi wa ƙungiyoyin kasuwa.

Barista Obalende: Duba takardar da kyau, watakila sunan kasuwanci aka yi musu. Ba abu ɗaya ba ne.

Abu Safwan: Na gode. To amma in rajista ta ci 200,000, rigunan ruwa 22 suka ci kusan 400,000, ina tanki ina jirgi? Kuma ba wanda ya taɓa maganar dattawan nan.

Sarkin Baka na Kara: Ga ni. Ka gaya wa dattawan da ladabi cewa Legas ba dajin Falgore ba ce. Bindigar toka ma sai da lasisin kwamishinan 'yan sanda, kuma doka ba ta ba wa wanda bai kai 17 ba, ka ga yaranku duka sun fita. Dajin da ya rage wajen Epe da Badagry kowanne da masu shi, da Bale, wato mai gari, da ƙungiyar mafarautan Yarbawa da ba a shiga sai da izininsu. Bayan haka kowa ya san abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris 2025, mafarauta 16 'yan Arewa aka kashe a hanya saboda an ga bindigogin toka a motarsu. Bahaushe ya cika bas da samari da karnuka da adduna a titin Epe, me kake jin za a ce? Ilimin dattawan a karɓa: sanin sawu, bambanta kashin gyazbi da na gafiya, maganin tafiya a daji, abin da ake yi in maciji ya sari mutum, wato a hana ƙafar motsi a tafi asibiti, ba tsaga ba ɗaure jijiya. Su koya wa yara dabbobin da doka ta hana taɓawa, irin su ɗankunya da ayu da kunkurun teku, don ana kawo su kasuwar bakin ruwa kuma yaro zai ɗauka halas ne tunda a fili ake sayarwa. In ana son su ga daji, akwai gandun Lekki na gidauniyar kare muhalli ta NCF, hekta 78 tun 1990, da gadar sama mai mita 401. A gargaɗe su kan birai, suna fizge abinci a hannu.

Ɗan Yawuri: Duk wannan dogon bayani, har yanzu ba wanda ya gaji ruwa a cikinku. Kiwon tarwaɗa a roba ba su ba ne, kiwon kaji ne da aka jiƙa. Mu Sarkawa yaro ɗan shekara bakwai yana tuƙa jirgi.

Mai Tanki Ikorodu: A kogin Yawuri, Malam. Ruwan nan daban ne. Yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kullum, wurin da yaro ya tsaya a busasshe da hantsi kafin azahar ya kai masa ƙugu. Ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa. Da rani gishiri ya shigo, kifin ya sauya, da damina ya koma ruwan daɗi. Daga wajen Satumba kainuwa ta rufe tashar Ikorodu, jirgi mai inji ma sai ya tsaya, balle na hannu. Ga dam ɗin Oyan, in aka sako ruwa kogin Ogun ya cika Isheri da bayan Mile 12 ko ba a yi ruwan sama ranar ba. Gado ba ya gaya maka wannan.

Ɗan Yawuri: Shekara nawa ka yi a kan ruwa da za ka koya mini?

Maman Iman: Ku biyun duk kuna da gaskiya a inda kuka sani. Abu Safwan, ba sai yara 22 sun fita rana ɗaya ba. Riga 8, a raba su rukuni uku. In ana son su hau ruwa sau ɗaya a hutu, a yi hayar jirgi mai rajista daga tashar da LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta Legas, ke kula da ita, su ba sa barin fasinja ya hau babu riga, kuma a dawo tun kafin la'asar sakaliya.

Kanawan Dabo: Ni dai har yanzu ban ga laifin Argungu ba.

Sani Alaba Rago: Bakin gaɓar ma da kuke ta faɗa, wace gaɓa? Ka sauke yara da sanduna a ko'ina, kafin ka ɗaura tana samari uku sun iso, kuɗin ƙasa. Ka biya wannan, wani ya zo da wata riga ya ce wancan ba nasu ba ne. Babu rasit.

Baban Khalifa Mile 12: Kai 2,000 suke karɓa, ka ba su ka huta.

Sani Alaba Rago: 2,000 in kai kaɗai ne. Su ga bas da yara su ji Hausa, 10,000 za su fara kira.

Sarkin Baka na Kara: Shi ya sa ake bi ta sama. Sarkin Hausawan unguwa ya rubuta wa Balen garin, a je gaisuwa da goro kafin ranar, Bale ya haɗa ku da masuncinsa ɗaya. Samarin nan ba sa tunkarar wanda ke tare da ɗan gari.

Kawu Idi-Araba: Su ma na unguwarmu da goro suka je.

Ɗan Yawuri: Kuma ko an bar ku, ina kifin? Masu haƙar yashi sun birkita ƙasan ruwan, wurin da karfasa ke haƙa ramin ƙwai ya zama rijiya. Ka jefa birgi ka jawo ledar ruwa da robar lemo. An hana kwanon soso na abinci tun Janairun 2024, je ka dubi bakin kwata ka gani ko ya ji.

Sani Alaba Rago: Wa zai hana masu yashi? Tifa nawa ke fita kullum, kowace da kuɗin da take ajiyewa a hanya. Mu da ke tura baro a kasuwa tikiti uku muke yanka kafin azahar.

Baban Khalifa Mile 12: Uku? A nan huɗu ne, an ƙara na shara.

Abu Safwan: Jama'a, Asabar fa jibi ce. Mai Tanki, tankin roban nan na hannu nawa yake yanzu, kuma ta yaya ake gane wanda aka zuba sinadari?

Sani Alaba Rago: Na sharar nan wa ke karɓa, 'yan kasuwa ko ƙaramar hukuma? Don mu ma an fara yi mana maganarsa.