Yanyawa ta haihu a bayan gidanmu a Landan, ya zan yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jar yanyawa ta haihu a ƙarƙashin ɗakin ajiyarmu a Croydon, jiya na ga 'ya'yan suna leƙowa. Ba ni da kaji, yaro ne da ni mai rarrafe. In biya a kama ta, ko in jira?

Abu Sadik: Wa'alaikumus salam. Ki ƙara wa akurkin kajinki ƙarfi kawai.

Hajiyar Leeds: Wane ƙarfi? Nawa da sakata da komai, ta haƙa ta ƙasa ta shiga. Da asuba na fito na tarar da gashin kaji ko'ina, duk ta kashe su, ɗaya kawai ta ɗauka. Farar da jikata ke ba hatsi a hannu tana kwance ba kai, har yau yarinyar ba ta zuwa bayan gida. Na kira ƙaramar hukuma suka ce ba aikinsu ba ne. Fam 280 na biya aka kama ta, wata bai cika ba wata ta maye gurbinta.

Abu Sadik: Subhanallah, an cuce ki Hajiya. Fam 90 na biya.

Hajiyar Leeds: Kuɗin kafa tarko kenan, ɗaukewa daban ne.

Malam na Kent: Maman Ilham, kada ki sa guba, doka ta hana. A Maris suke haihuwa, wajen Yuni 'ya'yan kan bar ramin. Ki bari su tashi, sannan ki toshe da waya mai kauri, ki binne gindinta.

Hajiyar Leeds: Malam, kai a ƙauye kake, naku suna gudun mutum. A 2010 a unguwar Hackney ta Landan har ɗaki wata yanyawa ta shiga ta ciji jarirai tagwaye.

Malam na Kent: Ya faru, amma da wuya ake jin irinsa. Maman Ilham ta riƙa rufe ƙofar baya.

Ɗan Fagge: Da a gida ne, yaran unguwa da karnukansu sun gama maganar kafin azahar 😂

Anti Bilki: Nan farautarta da karnuka laifi ne tun dokar 2004. Matsalar maƙwabta ce wallahi. Tawa kullum sai ta ajiye wa yanyawa ragowar nama, ni kuma in kwashe kashi a ƙofa.

Abu Sadik: Ga shara kuma, mu sai bayan sati biyu ake kwashewa, harajin ƙaramar hukuma kuwa kullum ƙaruwa yake. Ku nawa kuke biya bana?