Sabon akwatin sigar cikin hunturu: in shafa mishi ruwa ko in jira?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan uwa. Yayana da ke zaune Beljiyam ya aiko da akwatin ajiyar sigar, wato babbar tabar nan da ake naɗewa da ganyen taba, na katako, mai cin guda 50. Shi kuma zai iso nan da kwana 12 da tabarsa. Ya ce in shayar da akwatin kafin ya zo, don katakon ciki a bushe yake, in aka zuba taba haka zai tsotse danshinta ta farfashe. Agogon auna danshi da ke jikin murfin yana nuna kashi 28 cikin ɗari, shi kuwa ya ce sai ya kai wajen 70. Hanya biyu na ji: a shafe cikin da jiƙaƙƙen soso a gama da wuri, ko a ajiye ɗan kofi da ruwa a rufe a jira. Wacce zan bi? Ƴan jakunkunan Boveda, masu daidaita danshi cikin akwati, ba a sako su ba, kada a ce in saya. Ɗakin kuma fanka ce, babu kilim. Ni ba na sha, amana ce kawai.

Injiniya Zariya 2: Sayi Boveda mai lamba 84, wato mai danshi kashi 84, ka sa, ka rufe kwana 14 ba ka buɗe ba. Daga nan ka cire ka sa mai 69. Shi ke nan.

Ɗan Bagalam: Injiniya, na ce babu su, kuma kwana 12 gare ni.

Na Mokoyo: Mu nan ƙafa ta yi kaushi, leɓe na tsagewa, wani yana nema wa katako danshi. Fara shafa mishi man kaɗe mu gani.

Baba Tsohon Kuku: Ɗana, ka saurare ni, don wannan akwati ya taɓa cin albashina. Na yi wa wani Bature aikin kuku a Yamai. Zai tahi hutu ƙarshen Maris ya kira ni falo, ya buɗe akwatin, ya nuna mini wani abu mai soso manne da murfi, ya ce duk sati in ɗiga ruwan kwalbar da ya bari, kada allurar agogon danshi ta sauka ƙasa da 70. Na yi yadda ya ce. Abin da bai hwaɗa mini ba shi ne zahi. Afrilu ta shigo, kuran, wato lantarki, yana tahiya awa da awanni, falon nan ya zama tanda, ni kuwa ina ta ba akwati ruwa don allura ta zauna. Ranar da ya dawo ya ɗauki sigar ɗaya, sai ga ƴan huji kamar an soka allura, ya buga ta a tafin hannu gari ya zubo. Ƙwaro ne ɗan ƙarami, ja-ja, ƙwansa yana cikin ganyen tun daga inda aka naɗe shi, zahi ne ke ƙyanƙyashe shi. Rabin tabar ta tahi. Gaban matarsa da mai gadi ya ce ni na buɗe na bar shi. Ya yanke mini wata guda, ga Sallah ta matso, ga yara biyar. Ban sake kwana da daɗi gidan nan ba har na bari. Shawarata: kira yayanka ka ce ya zo ya shayar da abinsa da kansa.

Hajiya Mai Atamfa: Allah sarki Baba. Wata guda cur? Allah ya isar maka.

Na Mokoyo: Baba, da ka haɗa garin da kanwa ka sai da wa masu taba gari, ka rage asara.

Baba Tsohon Kuku: Yaro, lokacin ko dariya ba ta zo mini ba.

Mai Farmasi: Labarin Baba gaskiya ne, ƙwaron taba yana tashi in zafi ya haura digiri 22 zuwa 23 kuma da danshi. Amma tambayar yaron nan ba a amsa ba. Kada ka shafa. Katakon ciki, wanda ake kira sida na Sifen, siriri ne, in ya sha ruwa farat ɗaya a bushewar nan yana iya kumbura ya karkace, murfi ya daina kamawa. Ajiye kofi da ruwan da aka tace ta hanyar tururi, ba na famfo ba, ba piya wata ba, don gishirin cikinsu yana toshe soson kuma yana jawo fumfuna. Rufe, kada ka riƙa leƙawa kullum. Kafin nan gwada agogon, yawancin masu allura ƙarya suke yi. Zuba gishirin miya a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe amma kada ya narke, sa shi da agogon cikin leda mai zif, su kwana. Dole ya nuna 75. In ya nuna 68, ka san kullum sai ka ƙara 7 a kan abin da ya faɗa. Ruwan muna sai da lita jika ɗaya da rabi.

Ɗan Tasha: Jika ɗaya da rabi? Wajen masu cajin batir dala ɗari ne.

Mai Farmasi: Wajen masu batir jarka biyu ce, ɗaya asid. Kuma wace shaida gare ka cewa ɗayar ba daga famfo aka cika ta ba?

Ɗan Tasha: Taka shaidar fa, takardar da ke jikin kwalba?

Injiniya Zariya 2: Ku bar faɗa, a tari ruwan da ke ɗiga daga kilim, kyauta ne.

Mai Farmasi: Da ƙurar bututu a ciki. Kuma wane kilim ke ɗigar da ruwa a Janairu?

Alhaji Mai Goro: Ni ban san sigar ba, amma shekara talatin ina riƙe da abin da bushewa ke kashewa, ruwa ma ke kashewa. Huhun goro ganye ake shimfiɗa masa, a yayyafa, ba a kwarara. Duk ƴan kwanaki a kwance a tsince mai sankara kafin ya ɓata na kusa da shi. Mu ba mu da agogo, hannu ne. Abin da zan ce, akwati mai yoyon iska ko kogi ka zuba masa a hunturu ba ya riƙewa. Sa takardar jika a bakinsa ka rufe ka ja. In ta zare salin alin, to nemi babbar roba mai murfi ko kular ƙanƙara ka sa akwatin gaba ɗaya ciki.

Injiniya Zariya 2: Alhaji, da girmamawa, goro ɗanye ne, sigar busasshen ganye ne da aka tsima. Ba ɗaya ba ne. A bar waɗanda suka zauna Turai su yi magana.

Alhaji Mai Goro: Wanda ya zauna Turai ai shi ya aiko akwati cikin hunturu bai sako kayan haɗinsa ba.

Mai Farmasi: A nan Alhaji ya fi ka gaskiya, Injiniya. Lissafin Turai na ɗaki mai digiri 20 ne. Mu a Agusta iska da kanta ta wuce 70, lokacin cire ruwa ake yi, ba ƙarawa ba. A nan ni 65 zan nema, ba 70 ba, saboda zafin da ke tafe. Kuma kada a sa tabar a firigo, yana busar da ita ta ɗauki warin miya. Firiza kawai ake amfani da ita don kashe ƙwan ƙwaro: a ɗaure a leda, kwana ɗaya firigo, uku firiza, ɗaya firigo kuma.

Malama Nas: Tunda amana ce, ka haɗa da gaya wa yayan naka cewa sigar ma tana kawo kansar baki da maƙogwaro ko mutum bai haɗiye hayaƙin ba. Kuma kada ya kunna ta inda yara suke.

Ɗan Bagalam: Zan faɗa mishi, Malama, in ya ji. Na yi gwajin Alhaji, takardar ta ɗan riƙe ta gaba, ta gefen hagu kuma ta zare. Ina ake samun ma'aunin danshi mai batir?

Mai Kaji Ali Ɗan Sofo: Wajen masu kayan injin ƙyanƙyasar ƙwai, irinsa muke sawa. Jika uku na saya.

Ɗan Tasha: Yaushe? Satin jiya jika bakwai aka ce mini. A Katsina bai kai rabin haka ba in ka canza naira.

Mai Kaji Ali Ɗan Sofo: Kafin rufe iyaka na 2023 na saya. Tun daga nan komai ya tashi bai sauko ba. Bayan rufewar, kayan da ke zuwa ta Kwatano sai da suka koma zagayawa ta Lome da Burkina. Maganin kajina wata biyu yana hanya, ya iso saura kaɗan ya lalace.

Hajiya Mai Atamfa: Kai naka ya iso. Ni dila biyu tun kafin Mauludi, kullum direba ya ce suna jiran rakiya. Kuɗin mota ya ninka, mai saye kuma yana cewa mu ne marasa tausayi.

Baba Tsohon Kuku: Firiza kwana uku, in ji Mai Farmasi. Wace unguwa ce ke samun kuran kwana uku a jere, in ƙaura?

Na Mokoyo: Jiya namu ya tahi ana kiran magariba, ya dawo ana kiran assalatu, lokacin da ba mai bukatarsa.

Ɗan Bagalam: Na sa kofin tun shekaranjiya, allura ta hau 41 ta tsaya. In sa shi cikin kular yanzu ko in ƙara jira?

Hajiya Mai Atamfa: Mai Kaji, wane direba ne ya kawo maka naka? Turo mini lambarsa ta ciki.