Kulob ɗin Firimiya a Zariya: wa ya taɓa ganin abin daga ciki?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare a majalisarmu aka sake tayar da tsohuwar gardamar nan, wai me ya hana Zariya samun kulob a gasar Firimiyar Najeriya. Wani ya ce ai sai babban birnin jiha, aka ce masa to Aba fa? Umuahiya ce hedikwatar Abiya, amma Enyimba a Aba take, kuma daga can ta ɗauko kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004. Ga Remo Stars da ta lashe gasar a 2025, a Ikenne take, garin da bai kama ƙafar Zariya a yawan jama'a ba. Har mai shayi ya kwashe kofunansa ba mu cimma matsaya ba, domin dukkanmu a talabijin muka san ƙwallo. Shi ya sa na zo nan. Ra'ayi mun ƙoshi da shi. Wanda ya taɓa bugawa, ko ya riƙe kulob, ko ya ci abinci a bakin fili, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Direban Kwangila

Wa alaikumus salam. Ni dai na ga ɗan samfuri a 2021, lokacin da Kano Pillars ke buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, kuma a shekarar ce Ahmed Musa ya dawo musu. Ranar wasa tun hantsi za ka ga motocin Kanawa jere, tuta kore da rawaya ta leƙo ta taga, ana ta "Sai Masu Gida". Dole ta Zariya za su wuce, nan suke tsayawa su yi salla su ci abinci. Mai tsire ya samu, mai rake ya samu, mu ma mu cika mota da yaran Sabon Gari mu bi ayari. Dokar korona ba ta gama sakin filaye ba a lokacin, wani zuwan ma a bakin geti ake ƙarewa, amma hakan bai hana yara biyan kuɗin mota ba. Da Pillars ta tattara ta bar Kaduna, shi ke nan, kamar an ɗauke ruwa. Kayan aro ne dama.

Tsohon Gola

Ƙanena Ɗan Tudun Wada, ka taɓo mini inda yake ciwo. Na tsare raga shekara shida a wani kulob na nan garin, ba zan kama suna ba, mai kulob ɗin yana raye kuma mutumin kirki ne.

Da farko ku gane cewa Firimiya tsani ce, ba tsalle ake yi a faɗa ba. Daga gasar jiha sai NLO, wato rukuni na uku, daga nan sai NNL, rukuni na biyu, sannan NPFL, wato Firimiyar kanta, mai ƙungiyoyi 20. Mu a can ƙasan tsanin muka yi rayuwarmu, kuma ko a nan ɗin kuɗi ne ke buga wasan kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo. Alhajin da ya riƙe mu ɗan kasuwa ne, daga aljihunsa komai ke fita: rajista, jesi, kuɗin mota, alawus, har maganin targaɗe. Wata tafiya da ba na mantawa, mu ashirin da biyu a bas mai cin mutum sha takwas, jakar ƙwallaye a kan cinyata, mai tsaron bayanmu a zaune kan injin har wandonsa ya yi zafi. Muka isa garin da za mu buga bayan isha'i, aka buɗe mana ajin firamare, muka haɗa bencina muka kwanta. Abincin dare garin kwaki da ƙuli. Washegari ƙarfe huɗu muka shiga fili muka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, na tare fenareti a minti na ƙarshe. A hanyar dawowa koci ya raba mana alawus a cikin mota, abin da na samu bai kai kuɗin safar hannun da ta yage a wasan ba. Wallahi duk da haka waƙa muke yi har Ɗan Magaji.

Abin da ya kashe mu ba rashin iya wasa ba ne. Kaya suka maƙale wa Alhaji, kasuwa ta juya masa baya, wata uku ba alawus. Ba wanda ya kira taro ya ce an rushe kulob. Yau mutum biyu ba su zo atisaye ba, gobe biyar, wani ya koma acaɓa, wani ya tafi gwaji Kano, har ranar da na je fili na tarar daga ni sai koci sai ƙwallo uku.

To ku auna da Firimiya. Wasa 38 a kaka, 19 a waje. Yau kana Uyo, wani makon Ibadan, ka dawo gida ka buga, ka kama hanyar Fatakwal ko Maiduguri. Kowace tafiya ga mai, ga otal, ga abincin mutum kusan talatin, ga albashi duk wata ko an ci ko an sha kashi. Kuma huɗun ƙarshe a tebur ajin 'yan dagaji suke komawa. Duk mai cewa zai kawo mana kulob, ku tambaye shi wa zai biya albashin wata na bakwai, lokacin da 'yan jarida sun daina zuwa ɗaukar hoto.

Mai Gidan Kallo, Samaru

Allah ya saka, Yaya Gola. Bari in ƙara da nawa, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Shekara tara ina wannan sana'a. Ranar da Arsenal za ta kara da Manchester United, ko Madrid da Barcelona, sai na ƙaro benci daga makwabta. Wata Lahadi na ce bari in gwada kishin gida, na sa wasan Firimiyar Najeriya a talabijin ɗaya cikin ukun da nake da su. Mutum huɗu suka zauna gabanta, biyu daga ciki don ta fi kusa da fanka ne. Ga shi kuma wasanninmu ƙarfe huɗu na yamma ake take su, daidai lokacin da na Ingila ke kan ganiya. Sannan masu dogaro da yawan ɗaliban ABU su yi hattara. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas Samaru kamar an yi shara, ko man janareta ba na mayarwa. Ɗalibi baƙo ne, hutu na zuwa ya ɗau jakarsa.

Ɗan Ƙofar Doka

Haba Malam, kallon talabijin daban, fili daban. Ka taɓa zuwa wasan ƙarshe na kofin unguwanni a cikin birni? Bara sai da na hau katanga, yara a kan bishiyar darbejiya kamar jemagu, ga kalangu ga kakaki na roba. Yaron da ke buga lamba tara ɗan layinmu ne, mun san uwarsa mun san ubansa. Wannan Arsenal ba za ta taɓa ba ka shi ba.

Mai Gidan Kallo, Samaru

Na je, ɗan'uwa. Nawa ka biya a ƙofa?

Ɗan Ƙofar Doka

To, wannan kuma ka kama ni. Kyauta ne. Kuma gaskiya na taɓa tsaron geti a wani wasan sada zumunci da aka sa tikiti, na ga abin mamaki. Kowa ƙanen wani ne. Wannan ya ce shi yaron ciyaman ne, wancan ya ce tare suke da koci, wani babban mutum da babbar riga ya zo da mutum bakwai a bayansa ya ce "nawa ne duka". Fili ya cika maƙil, kuɗin da muka ƙirga a leda bai biya hayar lasifika ba.

Maman Khalifa

Sannunku da hira. Ni ba na buga ƙwallo amma ƙwallo ta biya wa yarana kuɗin makaranta. Zoɓo da kunun aya da awara nake kaiwa bakin fili, ranar babban wasa kula biyu ba ta kai ni hutun rabin lokaci. Don haka in kulob ya zo, ni ce farkon mai murna.

Sai dai akwai ranar da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Saura kaɗan a tashi alƙalin wasa ya ba baƙi fenareti. Kafin ka ce kwabo duwatsu sun fara tashi, aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka yo kanmu. Na rungume Khalifa, lokacin bai fi shekara biyar ba, na tsuguna bayan wata mota, ina jin ana tattaka kulolina. Na koma gida ba ciniki ba uwar kuɗi, idon yaron ya kwana yana ruwa. Mahaifinsu ya ce na bar zuwa, sai da aka yi wata biyu ina ba shi baki. Kuma ku maza ba kwa lura, babu inda mace za ta kama ruwa a yawancin filayen nan, babu inda za ta zauna ba a matse ta ba. In ana son mu zo da yara mu sayi tikiti, a fara da nan.

Tsohon Gola

Gaskiyarki Hajiya. Kuma a Firimiya irin wannan ba a barin ta ta wuce haka nan: tara ce, a kwashe maki, a rufe fili ko a tura ku wani gari ku riƙa buga wasan gida. Ka sha wahala ka kawo kulob Zariya, jifa ɗaya ta mayar da shi wani wuri.

Malam na Kongo

Na jima ina karantawa. Akwai gajeriyar hanya da ba a ambata ba, wato sayen gurbi, kuma mu a jihar nan mun ga ƙarshenta ta ɗaya gefen. A 2019 Kada City ta Kaduna tana Firimiya, ni da abokaina biyu muna shiga mota mu je kallonta, tafiyar da ba ta fi kilomita 80 ba. Ana cikin haka gurbin ya koma hannun Delta Force, daga baya ita ma ta sayar wa Kwara United. Gurbi ɗaya ya zaga jiha uku. Abin da kuɗi ya kawo, kuɗi na iya ɗauke shi ranar da mai shi ya gaji.

Yawancin kulob ɗin Firimiya gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, irin su Pillars da Katsina United da Plateau United, kuma gwamnati a inda take zaune take ajiye nata. Ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kuwa wannan kaya ya fi ƙarfin wuyansu. Saura attajiri, kamar yadda Kunle Soname mai Remo Stars ya yi a Ikenne, ya gina filinsa da makarantar horar da yara, ya hau tsanin a hankali, ya faɗo ya sake hawa.

Na taɓa zama sakataren wani kwamiti da aka kafa don wannan buri. Zama uku muka yi. Na farko ya ƙare a kan suna, Zazzau za a sa ko Zariya. Na biyu a kan inda za a riƙa atisaye, mutanen birni suka ce birni, na Sabon Gari suka ce ai su ne 'yan ƙwallo tun zamanin Turawan reluwe. A na uku aka zo maganar wa zai zama ciyaman, mutum huɗu suka nuna sha'awa. Da na karanto ajandar ƙarshe, wato karo-karon kuɗin rajista, sai aka tuna la'asar ta yi. Littafin minitin yana nan a durowata, shafi biyar kacal aka rubuta.

Baba na Muciya

Yaran nan kun sa na tuna da. Mu mun ga Ranchers Bees ta Kaduna a ganiyarta, ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988, ƙungiyar Bizerte ta Tunisiya ta doke ta, shekara na zagayowa Ranchers ta ɗau kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Da idona na ga Daniel Amokachi yana yaro a wannan jesi kafin ya tafi Beljiyam. Kaduna United ma ta ɗau kofin ƙalubale a 2010 a hannun Enyimba. Duk a Kaduna aka yi, mu kullum mu ne masu shiga mota. Alhali garin nan aka haifi Shola Ameobi, tsohon ɗan wasan Newcastle, nan Masai Ujiri, wanda ya shugabanci ƙungiyar kwando ta Toronto Raptors, ya tashi ya koyi ƙwallon kwando. Ni dai ƙafa ta yi rauni yanzu, in za ku yi ku yi da wuri, kuma ku sa mini kujera a inuwa.

Ɗan Tudun Wada

Allah ya ƙara lafiya Baba, kujerarka na nan. Yaya Gola, wata tambaya: kayan kulob ɗinku ina suka shiga? Muna da yara 'yan ƙasa da sha biyar da ke atisaye da safiyar Asabar, rabinsu da singileti suke bugawa.

Tsohon Gola

Suna ƙarƙashin gadona cikin jakar Ghana-must-go, Alhaji ya ce in riƙe har ranar da za a dawo. Na kira shi ɗazu, ya yi dariya ya ce a ba yaran. Jesi sha bakwai ne, lamba bakwai ce babu, wanda ya tafi gwaji Kano da ita ya tafi. Za su yi musu yawa, kuma sai an wanke, suna warin ajiya.

Maman Khalifa

A kawo mini su ranar Alhamis in wanke, akwai tela a layinmu da zai rage musu hannu. Amma a ajiye wa Khalifa lamba goma.