Yaushe ya kamata a fara koya wa kwikwiyo cizo?

Mai tambaya, daga Mabera:
Assalamu alaikum. Ina da kwikwiyo ɗan wata 4, jinsin Malinuwa na Beljiyam, kuma burina shi ne in horar da shi bisa tsarin gasar IGP, wato gasar karnukan aiki da ake gwada bin sawu, biyayya da tsaro. Wani mai horarwa ya ce in kai shi a ɗaure, a riƙa tsokanarsa da sanda har ya fusata ya kai cizo. Ina neman shawarar magabata.

Amsa daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka yarda. Kwikwiyon da aka tsorata yana cizo ne don ya tsira, shi ya sa za ka ga ya kama da bakin haƙora ya saki, alhali abin da alƙalan gasar suke nema shi ne kare ya cika bakinsa, ya riƙe cikin natsuwa. Jamusawa sun ƙirƙiro wannan gwaji ne a farkon ƙarni na 20 domin tantance halin kare, kuma har yau ba a shiga matakin IGP na farko sai kare ya cika wata 18, to gaggawar ta mece ce? Ka ɗaura tsumma a igiya, ka riƙa jan sa a ƙasa yana bi, idan ya kama da kyau ka sakar masa ya tafi da shi. Sai dai yanzu ya shiga famfara, haƙora 28 na ƙuruciya za su zube, 42 su fito, saboda haka ka dakatar da ja-in-ja har ya kai wata 6 ko 7, domin idan ya ji zafi a dasashi zai tsani kamun.

Amsa daga Arkilla:
Na yarda da Malam, amma ni ina ganin biyayya ce gaba da komai, domin karen da ba ya saki idan an umarce shi, fitar da shi ake yi daga gasar, a unguwa kuwa rigima ce da maƙwabta. Sannan ka tuna zafin Sakkwato yana wuce digiri 40 a watan Afrilu, kare kuma da haki yake sanyaya jikinsa, don haka ka yi horon bayan asuba, na mintuna kaɗan. An yi masa allurar rigakafin ciwon hauka? Idan ba a yi ba, ka kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. An yi masa allurar. Zan ajiye tsumman, in mayar da hankali kan kira da zama har haƙoran su gama fitowa.