Asusun marayu na garinmu: tsarin wace ƙasa ya kamata mu ɗauka?

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ni ne ma'ajin ƙungiyar ci gaban garinmu a ƙasar Argungu. 'Yan gari mazauna Legas da Abuja da Sakkwato suna zuba kuɗi duk wata, wasu masu hali kuma kan kawo zakkarsu mu raba musu. Abin da muka gada shi ne rabon shinkafa da gero da azumi, da atamfa da sallah. Bana matasa suka tashi suka ce a daina rabon yini ɗaya, a fito da tsari mai ɗorewa. Nan taro ya rabu. Wani ya ce a yi irin na Barazil, wani ya ce irin na Ruwanda, wani ƙanenmu da ya yi karatu a Ingila ya ce can ko sisi ba a karɓa a asibiti. An ɗora mini kawo rahoto a zama na gaba, kuma kuɗin ba za su kai a yi duka ba. Abin da ke tsaya mini a rai, akwai gidan da uwa ke riƙe da marayu biyar da suyar ƙosai, buhun da muke ba ta ba ya kai ta ƙarshen Shawwal. Don Allah wanda ya san yadda ƙasashen nan suke yi ya haska mini.

Ɗalibi daga Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam Yaya. Na Barazil sunansa Bolsa Família, an fara shi a 2003 zamanin Shugaba Lula. Ana biyan iyali kuɗi duk wata, galibi da sunan uwa ake yin katin, da sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta kuma a kai su rigakafi. Amma ƙashin bayansa rajista ce guda ɗaya ta marasa ƙarfi, wadda ake sabuntawa. Mu ma an gwada irinsa daga 2016, naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Kowa ya ji ƙorafin da aka yi ta yi kan su wa aka rubuta, su wa aka bari. Ni dai shawarata ku fara da littafin sunaye, mai unguwa da limami da mata biyu dattijai su sa hannu a kowane suna.

Baba, tsohon malamin makaranta: Ɗana, ka gaya wa mai zancen Ingila ya yi haƙuri. Tun 1948 anka kafa tsarin asibitinsu, kuma da harajin ƙasa baki ɗaya ake riƙe shi. Ƙasa irin Denmak ma harajin da take tarawa ya haura kashi 40 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ku da ke jiran abin da ɗiyan gari sunka turo, ina ku ina wannan? Kuɗin wata-wata kuma ina tsoronsu. Ranar 29 ga Mayun 2023 anka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500. Mai karɓar 5,000 me ya rage a hannunta? Gero ko tsada ko araha, mudu mudu ne. Kada ku yar da hatsin gaba ɗaya.

Malamar asibiti daga Yauri: Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma Malam, ni abin da idona ke gani kullum daban ne. Yunwa a hankali take cin gida, ciwo kuwa dare ɗaya yake rushe shi. Da damina za a shigo da yaro zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, tafin hannu fari fat, a ce sai ƙarin jini. Uwar ta kwance bakin zane, abin da ke ciki bai kai kuɗin gwaji ba. Kafin gari ya waye an sayar da akuya, wani lokaci har kaskon suyar da ake ci da shi. Wannan matsalar ce Ruwanda ta tunkara. Kowane gida na biyan ɗan abu sau ɗaya a shekara, gwamnati na biya wa waɗanda ba su da shi, sai mutum ya je asibiti da katinsa ya ƙara abu kaɗan. Ba sai kun ƙirƙiro naku ba. Jiharmu na da hukumar taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Ku je ofishinsu ku tambayi nawa ne kan mutum ɗaya a shekara, da asibitin da za a haɗa ku da shi. Sannan ku taka da ƙafarku zuwa asibitin nan ku duba ko akwai magani a kanta kafin ku biya.

Ɗan kasuwa daga Kamba: Hajiya, wannan maganar taki ta ƙarshe ita ce magana. Mu da ke shiga Gaya da Doso mun ga na Nijar. Tun 2006 suka ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne, tiyatar haihuwa ma kyauta. Mata sun yi tururuwa, abin ya yi kyau. Sai gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, magani ya ƙare, a rubuta maka takarda ka je waje ka saya. Malam, kada ku yi wa gida hamsin alkawari alhali ƙarfinku na ashirin ne.

Wani matashi daga Jega: Ni fa ban yarda da ba mai lafiya kuɗi yana zaune ba. Indiya ta yi doka a 2005 wadda ta ba kowane gidan karkara haƙƙin aikin kwana 100 a shekara, a biya shi. Habasha ma a shekarar ta fara nata, a yi aikin gyaran ƙasa da hanya a karɓi kuɗi ko abinci. Me zai hana ku saya wa manyan marayun injin ban ruwa su shiga fadama?

Malamar asibiti daga Yauri: Ƙanena, Habashar da ka ambata ma ba ta sa tsofaffi da marasa lafiya aiki, kai tsaye take ba su. Kuma yaran gidan nan ƙanana ne, makaranta ya kamata a gan su.

Malamin islamiyya daga Gusau: Ku raba asusun gida biyu. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma in ta shiga hannun mabuƙaci ta zama tasa. Ban ga yadda za a ce sai ɗanki ya je makaranta za ki karɓi haƙƙinki ba. Sharaɗi irin na Barazil ku ɗora shi a kan kuɗin karo-karo. Mu a Zamfara har hukumar zakka da waƙafi gwamnati ta kafa don riƙe wannan amana. Katin asibiti da kuɗin zakka kuwa, ku tuntuɓi malaman garinku tukuna.

Ma'aji: Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa taro cewa zakka ta ci gaba da tafiya a hatsi, amma a raba ta kashi biyu, rabi da azumi rabi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Karo-karon kuma a fara da katin asibiti ga gidajen da ƙarfinmu ya kai. Hajiya, in aka yi wa uwa da yara biyar rajista, kan kowa ake biya daban ko akwai farashin iyali? Ranar Litinin nake son shiga Birnin Kebbi.