Yaya zan sa ɗalibaina su gane karkatar da idon babbar kamara?

Salama jama'a, don Allah masu aiki da kamarar fim mai zuga-zugi ku taimaka min. Ina koyar da wasu matasa hoto a nan Samaru, ina da kamara 4x5, wato mai cin fim inci 4 da 5, da ido (lens) mai 150mm, mun zo kan ƙa'idar Scheimpflug, ta karkatar da idon kamara, na kasa sa su gane.

Na zana musu a allo, layin fim, layin idon kamara da layin abin da ake ɗauka, na ce in ukun suka haɗu a wuri ɗaya komai da ke kan shimfiɗar zai fito tas. Suka ce sun gane, amma da na tambaye su sai suka ce ai daidai yake da tsuke ido zuwa f/22, wato ƙanƙantar da ƙofar da haske ke shiga, kuma ba haka ba ne, tsukewa faɗaɗa zurfin fokas take yi, karkatarwa kuwa kwantar da shimfiɗar fokas ɗin take.

Sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na jera murafen kwalba daga gaba har ƙarshe, na sunkuyar da idon kaɗan, ni ina ganin duk sun fito, su kuma mutum ɗaya ne ke shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, hoton a kife yake ga duhu, kafin na biyu ya shiga an taɓa fokas ya goce. Na ɗauki hoton gilashin baya, inda ake ganin abin da za a ɗauka, da wayata, hoton ya yi dishi-dishi.

Wace hanya zan bi mutum 12 su ga shimfiɗar fokas tana kwanciya a lokaci guda?