Tsuke bel da ɗaura ɗamara: magana ɗaya ce?

Mai Nahawu: Jama'a, Turawan Ingila in rayuwa ta yi tsada sukan ce mutum ya tsuke bel ɗinsa. Sai ka ji an mayar da ita "a ɗaura ɗamara" a labarai. Ni dai ban yarda ba. Kalmar bel da muka ara daga Ingilishi asalinta Latin ce, balteus, wato maratayin takobin sojan Rum. Amma ita wannan magana ba ruwanta da yaƙi, yunwa take nufi.

Baduku: Gaskiyarka, Malam. Bel na kasuwa yawanci huda biyar gare shi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kamar inci ɗaya, kuma wanda ya yi wa mutum daidai harshen ƙarfen a huda ta uku yake zama. In mutum ya rame sai ya koma ta huɗu, ta biyar, daga nan a zo mana a ƙara wata. Masu hudawa da ƙusa a gida su ke kashe bel: ƙusa tsaga fata take yi, ba ta cire tsoka, tsagar kuwa ci gaba take har ya tsinke. To ramar nan ita Bature ke nufi, ciki ya faɗa, abinci ya ragu.

Inna Uwargida: Ɗamara kuwa ba ta da huda. Gyale ko mayafi ake murɗewa, a zagaya ƙugu a kan zane, a ƙulle tamau don kada zane ya kwance ana tsakar daka ko surfe. Mai ɗamara aiki za ta tunkara, ko faɗa. Ƙoshi ma take so.

Tsohon Soja: Inna, a yi mini afuwa. Aikin soja da na ɗan sanda ai aikin ɗamara muke ce musu, ɗamarar nan kuma bel ce mai faɗi ta kan kaki. Kun ga sun haɗu.

Mai Nahawu: A abin ɗaurawa sun haɗu, Baba, a magana sun rabu. Lokacin da gwamnatin Shagari ta kawo matakan rage kashe kuɗi a 1982, tsuke bakin aljihu ne sunan abin. In gwamna na son a rage ci, a ce tsuke bakin aljihu. In so yake a tashi a yi noma, nan ne ɗamara da zage damtse suke shiga.

Tsohon Soja: Na karɓa. Amma mai gidan da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, duka biyun ake ce masa.